Allon Shagon Almu

Ba a Tambuwal ake su ba, wato kamun kifi na gayya, amma a Tambuwal aka fi yin hayaniyarsa. Duk shekara idan ruwa ya ja baya aka sa ranar buɗe babban tafkin da ke bayan Kebbe, to shagon Almu tela ya gama ɗinkin kirki sai bayan su. Mutum shida ke zama a rumfar shagon. Biyar daga cikinsu ko a kwatami ba za su iya iyo ba, amma in ka ji suna yanka masunta suna aunawa sai ka rantse a cikin jirgi aka yanke musu cibi.

Malam Attahiru na ofishin gona shi ya mayar da surutun ya zama wasa. Shekarun ne da arzikin man fetur ya sa kowane ɗan ofis ya sayi babur ya koyi taƙama, hukuma kuma ta kai sikeli bakin tafki ta ce daga yanzu kamun kifin gasa ne. Sai Attahiru ya ɗauko allo da alli ya kafa doka: kowa zai zaɓi masunta uku bi da bi, wanda aka ɗauka ya ɗauku, ranar su kuma a haɗa nauyin kifin mutanen kowa. Liman ya ce in ko kwabo ya shiga ciki ya zama caca, don haka ba kwabo. Wanda ya ci, shi ke da tsohuwar kujerar motar da ke tsakiyar rumfar har shekara ta zagayo, ana kiransa Sarkin Ruwan Tudu. Kujera ce da ƙarfe ya leƙo ta gefe yana yagar riga, amma an yi aminan da suka daina gaisawa a kanta.

Shekara biyu a jere Almu ke cinyewa, kuma Almu ba ya cin abu da baki rufe. Kullum Attahiru ya jingine babur ya zo zai zauna a benci, sai tela ya miƙe ƙafa a kan kujera ya ce a matsa wa ɗan masuntan da bai san kifi ba sai a miya. Maganar tana cin Attahiru domin gaskiya ce rabi da rabi. A gidan masunta aka haife shi a Kebbe, shi ne ɗaya tak mai iya iyo a rumfar, amma tun da aka kai shi makaranta yau shekara goma sha huɗu bai taɓa homar kamun kifi ba. Yayansa Ɗangiwa shi ya gaji ruwan, ya kuma gaji sunan. Attahiru ya tsani Almu, tsana irin wadda mutum ke kwana da ita ya tashi da ita, kuma ya ɗaura niyyar bana sai ya tashe shi daga kujerar nan.

Ranar zaɓe aka ja tsinke, Attahiru ya fito na farko, Almu na ƙarshe. Kowa ya san abin da zai biyo baya, har mai riƙe da alli ya fara rubuta harafin farko na sunan Ɗangiwa, don shekara biyun da suka wuce ma shi ake fara wawura. Attahiru ya gyara murya ya ce Tambaya, wani matashin masunci da tauraronsa ke tasowa.

Mutanen rumfa suka dubi juna. Abin da ba su sani ba shi ne da Salla, da Attahiru ya je gida, ya shiga ɗakin yayansa ba sallama ya tarar da matarsa tana sa masa riga, saboda hannunsa na dama ya daina wuce kafaɗa. Ɗangiwa ya dube shi ya ce abin ya tsaya a ɗakin. Attahiru kuwa bai faɗa wa kowa ba, wannan kam a ba shi. Sai dai a rumfar tela ba sai ka faɗa ba. Na biyu ya dubi Attahiru ya tsallake Ɗangiwa, na uku ma haka. Aka zagayo, Attahiru ya sake tsallake shi, aka kuma zagayowa ya sake. Suna goma sha bakwai suka hau allo, ba sunan mutumin da ya fi kowa sanin ƙasan tafkin.

Saura gurbi ɗaya, na Almu. Ya ciro zaren da ke bakinsa, ya yi murmushin nan nasa da ke sa mutum ya ji kamar ya mare shi.

"Rubuta Ɗangiwa," in ji shi. "Ni na ɗauki wanda ƙanenai yaz zubas."

Kafin kwana biyu direbobin ƙananan bas da masu babur sun kai maganar Kebbe, sun ƙara mata gishiri a hanya. A wurin masunta ba wasa ba ne. Su a ganinsu duk abin da bare ya faɗa a kan masunci iska ce, amma in ɗan ɗakinku ya ƙi ka to ya ga wani abu. Kuma dokar gasar ita ce ba a shiga sai biyu-biyu: mai homa, wato ragar hannu, shi ke nutso ya rufe kifi, mai gora kuma yana kwance bisa babbar gorar da ke ɗauke da shi a kan ruwa, shi ke zura igiya ya riƙe. Sambo, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana riƙe wa Ɗangiwa gora, ya ji labari ya kwana yana tunani, da safe ya koma wurin Tambaya. Da Attahiru ya ji haka, abin kunya, farin ciki ne ya fara zo masa, don mutuminsa na farko ya sami gwanin gora. Sai daga baya ya tuna yayansa ne ya rasa mai gora.

Ran kasuwar Tambuwal da hantsi Ɗangiwa ya sauko daga bayan akori-kura, ƙura har gira. Bai je gidan ƙanensa ba, kai tsaye ya nufi shagon. Ya yi sallama ɗaya, bai jira an shimfiɗa masa tabarma ba. Attahiru ya miƙe yana cewa Yaya sannu da hanya, ya miƙa hannu biyu, hannun ya tsaya a iska.

"Atu, kai ɗai kag ga abin da kag gani," in ji Ɗangiwa. "Ban ce kai magana ba. Shirunka ya fi magana ƙarfi."

Attahiru ya fara bayanin cewa wasa ne kawai, lissafi ne, ba ƙiyayya a ciki, kowa yana zaɓen wanda yake ganin zai kawo nauyi. Yana faɗa yana jin yadda kowace kalma ke ƙara ɓata abin. Ɗangiwa ya bar shi har ya gaji don kansa.

"Sambo ya tafi, kuma babu mai riƙa man gora duk faɗin Kebbe. Kai kaɓ ɓatas da shi, kai za ka maye shi. Ran Assabat ina jiranka bakin ruwa. In ba ka zaka ba, ka san abin da kaz zaɓa."

Ya juya ya fita. Almu kuwa dariya har da buga keken ɗinki, don ya riga kowa gano inda abin ya dosa: duk kifin da Attahiru ya taya yayansa fitarwa, a layin Almu za a rubuta shi. Ya ce bana ya yi sa'ar lebura mai takardar sakandare.

Attahiru ya je. Me zai yi in bai je ba? Ya kwana a ɗakin da ya tashi a ciki, ba wanda ya yi masa maganar allo, ba kuma wanda ya yi masa wata maganar. Da safe yayansa ya miƙo masa gorar mahaifinsu, wadda kwanciyar mutum uku ta goge ta har tana sheƙi, da igiyar rama sabuwar tufka. Abu ɗaya kawai ya tuna masa, abin da tsohonsu ke faɗa musu suna yara: in ka zura igiya ta bakin kifi ta fito ta kunne, naɗa ta sau biyu a hannu, kada ka saki ko za ta cire maka fata.

Aka buga bindiga, ɗaruruwan mutane suka ruga cikin tafki, ruwa ya koma kunu. Attahiru ya yi mamakin yadda jikinsa bai manta ba. Ya kwanta bisa gora yana tuƙi da hannu, yana bin keyar yayansa zuwa wani lungu kusa da tushen wata giyayya da ta nutse, inda ba wanda ya nufa. Ɗangiwa yana nutso da homar hagu a sama, ta dama a ƙasa-ƙasa, yana ɓoye hannun da wayo irin na wanda ya daɗe da sanin ciwonsa. Sau shida yana nutsawa yana fitowa da tarkacen ƙananan kifi yana watsarwa. Can gefen tudu aka ɓarke da ihu da kiɗa, Attahiru ya ɗaga kai ya hango Sambo da Tambaya suna jan wani ƙaton kifi zuwa sikeli. Kansa na ɗan ofis ya auna shi tun daga nesa, ya haɗa da na sauran mutanensa biyu da ya gani sun fita da nasu, ya ga kujera ta zo hannu.

A nutso na bakwai Ɗangiwa ya daɗe. Da ya taso, ruwan gabansa ne ya fara tasowa. Giwan ruwa ne, kansa cikin homa biyu, jelarsa tana dukan ruwa kamar ana bugun shinkafa. Fuskar Ɗangiwa ta murtuke don azaba, ya rungume kifin da hannun da ba ya ɗaguwa, ya ce da ƙanensa igiya, maza. Attahiru ya zura hannu cikin bakin, ya fito da igiya ta kunne, ya naɗa sau ɗaya. Yayansa ya ga ta shiga, ya saki homa don ya huta da kafaɗar.

A nan ne fuskar Almu ta faɗo masa a rai, da ƙafarsa a miƙe kan kujera, da wata shekara cur ta ɗan masuntan miya. Bai yanke shawarar komai ba, haka ya riƙa gaya wa kansa daga baya. Naɗi na biyun ne dai bai yi ba. Kifin ya yi fizga ɗaya, yatsunsa suka buɗe, igiya ta sulale ta bi shi ƙasa.

Ɗangiwa ya bi shi da nutso sau uku, a banza. Da aka busa ƙahon tashi suka fito da kifin da bai kai a ɗora a sikeli ba. Attahiru yana ta faɗin igiyar ta kuɓuce, sabuwa ce, santsi gare ta. Yayansa ya karɓi gorar ya saɓa a kafaɗar hagu ya bi ta cikin mutane, su kuwa suna buɗa masa hanya suna kau da kai.

Ran Litinin aka haɗa lissafi a rumfa. Attahiru ya ɗara Almu da kilo tara. Almu ya tashi daga kujera yana ƙunƙuni, yana cewa an haɗa baki da ruwa, sauran suna ta kiran Sarkin Ruwan Tudu. Attahiru yana murmushin da bai kai ciki ba, bai kai ga zama ba sai ga sallamar Ɗangiwa.

Wannan karon a natse yake. Ya gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce shi bai iya karatun boko ba, ya roƙi Almu ya gaya masa da nawa aka ci shi. Almu ya faɗa. Ya tambaya, da wanda ya tsere ya hau sikeli, wa zai zauna kujera? Almu, wanda bai taɓa barin dama ta wuce shi ba, ya ce ai ko rabinsa ya isa. Ɗangiwa ya gyaɗa kai, ya juyo.

"Atu, buɗe hannunka."

"Yaya, na gaya maka kuɓucewa tay yi."

"Na jiya. Buɗe."

Ya buɗe. Tafukan nan biyu sumul, sai ɗan tabon tawada a yatsa. Ɗangiwa ya buɗe nasa kusa da su, tsofaffin tabban igiya sun ratsa su fari-fari tun daga gindin babban yatsa har gefe. Mutanen rumfa suka leƙo, su da ba su san ruwa ba ma sun gane.

"Igiyad da tak kuɓuce ma mutum da giwan ruwa bakinta, da fata taka tafiya," in ji shi. "Taka ba ta ɗauki komi ba."

Attahiru ya dunƙule hannuwansa. Kunya ta rufe shi, da haushin kansa, da haushin tela da ke tsaye yana kallo ido buɗe. Ɗangiwa ya tambayi Almu wanne ne sunansa a allon. Aka nuna masa, can ƙasa, na goma sha takwas. Ko ɗaga hannun bai buƙata ba. Ya lashi babban yatsa ya goge shi tas.

"Baɗi kada kowa shi wahala, na bar ruwa." Ya dubi ƙanensa. "Da Salla kuma kada ka zaka. Abin da kag gani wancan karo ya isa."

Ya fita ya nufi tasha. Almu ya ɗauko ƙyallen yadi ya kakkaɓe kujerar sosai, har da lanƙwasa ƙarfen da ke yagar riga, ya ja da baya ya nuna ta da hannu biyu.

"Bisimilla, Sarki," in ji shi. "Zamna. Kai kac ci."