Igiyar da Yaya Ya Ɗaga

Mu huɗu muka taso daga Busan ta Koriya ta Kudu zuwa duwatsun Nagano na Japan wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Yaya Gyu-tae, wanda shekara ɗaya tak ya ba mu, ya ɗaga jar igiyar da ta hana shiga wani gangare mai haɗari.

"Ku wuce mana, matsorata!"

A wajenmu ƙarami ba ya musu da babba. Muka sunkuya muka wuce.

Muna tsakiyar gangaren na ji gum a ƙarƙashinmu. Dusar ƙanƙarar ta tsage, tsagar ta bi ta tsakanin ƙafafuna, alamar dusar na shirin zaftarewa da mu.

"Kar wanda ya motsa," in ji Yaya. "To... ku me kuka gani?"

Sai yanzu yake tambayarmu. Sai yanzu!