Sunayen da Daudu Ya Raɗa

Ana gab da la'asar, hadari ya haɗo ta gabas ya tsaya cak a kan Babura, bai zubar ba, bai kuma wuce ba. Iska ta ɗauke ɗif. A tsohon siton gyaɗa da ke bayan kasuwar hatsi, Toma mai majigi ya toshe tagogi da buhuna don a sami duhu, ya ta da injin wuta. Toma mutumin kudancin Zariya ne, yana yawo da akori-kurarsa daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa, duk inda kasuwa ke ci. Amma mutane don Daudu suke cika sito.

Daudu shi ne mai bayani. Ba ya jin ko kalma ɗaya ta yaren 'yan fim, fuskokinsu kawai yake kallo ya faɗi abin da ya ga ya dace. Al'adarsa kuwa ita ce ya raɗa wa mutanen cikin fim sunayen 'yan kallo. Wanda sunansa ya fito sai ya miƙe a yi masa tafi, gobe kuma ya wuni ana tsokanarsa a kasuwa.

Ranar nan zaman bai yi wa Daudu daɗi ba. Tun lokacin da fari ya koro mutanen tsallake daga Nijar, samarinsu suka shiga dako, suna ɗaukar buhu a kan abin da ɗan gari ba zai karɓa ba. 'Yan gari suna kiransu 'yan sefa, da sunan kuɗin ƙasarsu. Ga su nan sun zauna ta hagu, 'yan gari ta dama, an bar fili a tsakiya, kowa da ƙugiyarsa ta jan buhu a ƙugu.

Da safe fim ɗin ya iso daga Kano, Daudu bai taɓa ganinsa ba. Aka nuno bakin teku, masunta suna jan taru suna waƙa, wani dogon saurayi mai jar riga yana gaba yana rawa. Daudu ya hango ƙanensa a layin gaba, ya yi murmushi.

"Wannan mai tsalle kamar ya taka garwashi, ai Halliru ne!"

Halliru ya miƙe, 'yan dama suka yi ta tafi. Can sai ga jirgin ruwa ya sauke baƙi da ƙunshin kayansu, wani ƙaƙƙarfa yana jagorantarsu. Daudu ya ga bai kamata a bar 'yan hagu haka ba.

"Ga Sama'ilu ya iso da jama'arsa. Sannunku da hanya!"

Sama'ilu, babban 'yan dakon tsallake, ya ɗaga hannu kawai. Yaransa suka yi sowa. Daudu ya ji sanyi a ransa, ya ɗauka ya gyara zama.

Sai ga wata yarinya ta fito daga bayan ƙaƙƙarfan, tana riƙe da gefen rigarsa kamar ƙanwa. Ta hau kan rufin gida tana shanya. Mai jar riga ya tsaya a ƙasa ya ɗaga kai, kiɗa ya sauya, suka shiga waƙa suna kallon juna. Kafin Daudu ya buɗe baki wani daga baya ya ce, "Malam Daudu, ƙarasa mana! Dela ce!"

'Yan dama suka fashe da dariya, irin dariyar mutanen da suka daɗe da sanin abu. Dela ƙanwar Sama'ilu ce, tana nan bakin ƙofa tana sayar da dafaffiyar gyaɗa. Daudu ya dubi ƙanensa. Halliru ya sunkuyar da kai, ya ƙi ɗagowa. Ashe magana ce ta gaske, kuma da alama a duk siton mutum biyu ne ba su sani ba: Daudu da kullum yake kan hanya, da Sama'ilu. Ta hagu babu wanda ya yi dariya.

Faifan farko ya ƙare. Toma ya kunna ƙwan lantarki ɗaya yana sauya faifai, ya yafito Daudu.

"Ka yi ɓarna, abokina. Na kalle shi a Kano. A faifai na gaba wan yarinyar zai kashe mai jar riga da ƙugiyar kifi."

"Ka ce inji ya lalace."

"Su farfasa min shi? Dubi fuskokinsu."

Daudu ya duba. Sama'ilu ba ƙyallen majigi yake kallo ba, ƙeyar Halliru yake kallo. Wani na gefensa yana yi masa raɗa a kunne.

Daudu ya tsuguna kusa da ƙanensa kamar mai gyara takalmi. "Da an kashe wuta ka bi ta bayan ƙyalle, akwai ƙaramar ƙofa. Ka hau motar Toma ka kwanta. Yau za mu wuce Kazaure."

"Yaya, aurenta nake so. Ban yi mata komai ba."

"Na yarda. Amma ba yau za ka yi wannan bayanin ba."

"In na tafi, ita fa?"

"In ka zauna, gawarka za ta aura?"

Duhu ya dawo. Daudu ya daina kiran sunaye, sai "mai jar riga" da "wancan bawan Allah". A banza, 'yan kallo suka ci gaba da kira da kansu. Da ƙugiyar ta sauka a jikin ƙyalle, yarinyar ta faɗi kan gawa tana waƙa cikin kuka, Daudu ya yi shiru. Bai taɓa yin shiru a gaban majigi ba. Ba abin da ake ji sai waƙarta da kukan inji.

Da haske ya dawo, wurin Halliru wayam. Samarin tsallake suka fita a guje suka bazu cikin kasuwa, 'yan gari suka bi bayansu suna zagi. Farantin gyaɗar Dela yana ƙasa a bakin ƙofa, ita ba ta nan. An fara yayyafi.

Daudu da Toma suna kokawar ɗora inji a mota, sai Daudu ya ji nauyin ya ragu. Sama'ilu ne ya sa kafaɗa. Suka tura injin ciki, ga Halliru nan kwance tsakanin akwatunan faifai, ido cikin ido da Sama'ilu.

Sama'ilu ya daɗe yana kallonsa, ruwa na bin fuskarsa.

"Malam," ya ce da Daudu a hankali, "in jini ya zuba yau, gobe hukuma za ta kwashe mu ta mayar tsallake, can kuwa babu ko ƙwayar gero. Yarana ba sa tuna wannan. Ni ma ban san iya kwanakin da zan riƙa tunawa ba. Kada in gan shi a Babura."

Daga lungun masu awo aka ji muryoyi suna matsowa. Sama'ilu ya jawo tamfol ya lulluɓe Halliru har ƙafa, ya ɗaure igiyar gefe ɗaya, ya miƙa wa Daudu ɗaya bakin. Daudu ya karɓa ya ɗaure. Sama'ilu ya juya ya tari yaransa, yana nuna musu hanyar tasha, wai can Halliru ya bi.