Sunan 'Yar Fari

Sau uku a damina ɗaya Malam Ya'u ya ba da gonarsa kyauta. Duk wanda ya durƙusa ya gaishe shi da kyau sai ya ce, "Je ka noma ta, na ba ka." Na ukun, wani maƙwabci mai suna Bube, har ya kai taki. Wasu mutane dai ba su da ta ido.

Zara'u, 'yarsa ta fari, ita ta tare Bube a bakin gonar, ta ce ya kwashe takinsa tun tana ganin mutuncinsa. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Gonar nan ce geron da tsohon ke sha, wakenta ne maganinsa, da ɗan abin da ake ba matar da ke zama da shi idan Zara'u ta tafi kasuwar Attantane. In ta salwanta, Baba ya shiga uku.

Likitan Mayahi ya riga ya gaya mata gaskiya: mantuwar nan da ta kama tsohon gaba za ta yi, ba baya ba. Ya ce ta yi takardar wakilci tun tsohon yana samun sa'o'in da hankalinsa ke dawowa. Ƙanenta Mamudu ya bugo waya daga Agadas yana faɗa, wai za ta tona asirin gida.

"In kana da wata dabara, taho ka yi wankinshi," in ji ta.

Maigari ya yarda, amma da sharaɗi. Sai Malam Ya'u ya faɗi sunan wakilinsa da bakinsa, gaban shaidu, kafin a rubuta a kai ofishin magajin gari a buga hatimi. Nan fa matsalar Zara'u take. Shekararta arba'in da shida, ba ta taɓa jin sunanta a bakin ubanta ba. Kunyar 'yar fari ce, kuma shi mutumin da ne. "Ke" yake ce mata, in ba ta nan ya ce "waccan".

Ta zaɓi safiyar Laraba, don da hantsi ya fi gane mutane. Ta dama masa fura, ta sa masa farar rigarsa, ta riƙo hannunsa har zauren maigari. Liman na nan, da dattawa biyu, da mai rubutu. Bube ma ya zo, ba wanda ya gayyace shi.

"Malam Ya'u, ka san mi ya tara mu?" in ji maigari.

"Na sani. Kaina ne ke yoyo."

Aka yi 'yar dariya, shi bai yi ba.

"To wa ka ɗora bisa gonarka da al'amurranka?"

Tsohon ya nuna ta da haɓa. "Waccan."

"Takarda ba ta san waccan ba, Malam. Suna muke so."

Tsohon ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza bakin rigarsa. Bube ya yi gyaran murya, ya ce ai kowa ya gani, ko ɗiyarsa bai sani ba, a bar maganar kawai. Zara'u ta ji kamar ta shaƙe shi, amma ta danne, ta kafa ido a kan tabarma.

Malam Ya'u ya ɗago. Bai dubi maigari ba, ita ya duba.

"Na san ta. Ni na yanka mata rago. Kunya ta hana ni tun tana goye. Bari in hwaɗa yau, gobe ban san ko shina nan cikin kaina ba. Zara'u. Zara'u ɗiyata. Ku rubuta."

Mai rubutu ya rubuta. Zara'u ta ja mayafi ta rufe fuska, hawaye na zuba. Aka shafa wa tsohon tawada ya dangwala yatsa, shaidu suka bi.

A hanyar gida ya tsaya, ya dubi babban yatsansa, ya dube ta.

"Baiwar Allah, wa ya ɓata mini hannu?"

"Ni ce, Baba," ta ce. Ta gyara takardar a ƙugunta, ta kama hannun nasa suka ci gaba da tafiya.