Layi Arba'in a Fadamar Malam Sharif

Shekara uku Yusra ta yi tana ɗaura wa tumatir aure da tumatir. Haka ta faɗa mana ranar da ta zo Bunkure da kwalin iri, muka yi ta dariya. Ɗaliba ce a jami'a, ba ta da yawan surutu. Ta ce akwai wani tumatirin daji, 'ya'yansa kamar magarya, ba ya ciwuwa, amma cutar nannaɗe ganye da farin ƙuda ke kawowa ba ta kama shi. Abin a jininsa yake. Shi ta yi ta haɗawa da namu har ta sami iri kala arba'in. Wasu sun gaji taurin, wasu ba su gada ba, kuma ido ba ya rabe su sai cuta ta shigo.

Malam Sharif ne ya ba ta aron fili, gefen nawa, a bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, inda kowa ke wucewa. Mutum ne da ko ciyawa ɗaya ba ka gani a gonarsa. Ta dasa layi arba'in, kowanne da turke da lamba, irin da take da shi ke nan duka.

"Baba, ruwa kawai," in ji ta. "Ban da feshi. Wanda zai mutu a bar shi ya mutu a inda yake, shi nake son gani."

"To, 'yata. Allah Ya ba da sa'a."

Ta koma Kano jarrabawa, sai bayan sati biyar.

Cuta kuwa ba ta yi nawa ba. A sati na uku ganye ya fara murɗewa yana yin rawaya, wani layin ya tsugune gaba ɗaya, wani ko a jikinsa. Nan fa 'yan bakin kanal suka samu abin yi. Wani da ake kira Tambaya, mai injin ban-ruwa, wanda bakinsa ba shi da linzami, kullum sai ya tsaya da babur.

"A'a! Malam Sharif, tsufa ne ko ƙyuya? Wannan gona kamar ta marayu!"

Sharif ya yi bayani sau ɗaya, sau biyu, ya gaji. Ranar kasuwa har wani dillali daga Kura ya yi masa jaje. Wallahi abin ya ci shi, ko gaisuwa ba ya amsawa sosai.

Wata Talata da hantsi na gan shi da tankin feshi a baya. Da ya gama, ya bi layi-layi ya tuge duk wanda ya kamu, ya ƙone. Gurbin da ya buɗe ya cike da dashe daga nasa tumatirin da yake raino, wani wurin kuma ya ciro daga layin da ya yi cunkoso ya daidaita. Turakun sun karkace, ya tattara su ya sake kafawa a jere gwanin sha'awa. Ina kallo. Ina ruwana, gonata ce?

Yusra ta dawo da littafi a hannu, ta sauka daga adaidaita, ta tsaya a kan kunyar gonar. Gona kore shar, ba giɓi ko ɗaya. Ta taka zuwa turken farko, lamba goma sha bakwai ce. Na biyu, lamba huɗu.

"Baba, ina waɗanda suka kamu?"

"Na raba ki da su," in ji shi, yana murmushi. "Amana kika ba ni. Ya za a yi ki dawo ki tarar da kayanki a lalace?"

"A wane layi suke?"

"Oho, ko'ina dai."

Ta rufe littafin, ta zauna a ƙasa da fararen kayanta. Na ji tausayinta, shi ma na ji nasa.

Sharif ya matso, ya rage murya.

"To 'yata, a cikinsu wanne ne mai taurin? Ina so in ɗebi iri."

"Ni ma shi na zo tambaya, Baba," in ji ta.