Ƙuri'ar Odessa Tarver

Rigar shiga kotu. Takalma a cikin leda. Gyaɗa mai gishiri. Kwalbar giyar tuffa wadda likita ya hana malaminta sha. Littafinsa, wanda bangonsa ya rabu da jikinsa tun tana ɗaliba. Abin da Odessa Tarver ta ɗauko ke nan daga Philadelphia, jirgin ƙasa kuwa ya riga ya wuce Washington, yana gangarawa Virginia cikin ruwan sama.

Littafin na malaminta ne, Farfesa Alden Prewitt. A cikinsa ya nuna yadda mutanen Virginia suke zaɓe lokacin da aka kafa ƙasar: ba takarda, ba akwati. Mutum ya tsaya a farfajiyar kotu gaban 'yan takara da maƙwabta, ya faɗi sunan wanda yake so da bakinsa, wanda aka zaɓa ya miƙe ya yi godiya. Prewitt ya kira wannan mutunci. Haka ma yake tafiyar da ajinsa. Ɗalibi ya karanta babinsa, sauran su miƙe ɗaya bayan ɗaya su ce ya wuce ko ya faɗi, suna kallon idonsa.

Yanzu wata jiha ta yi dokar da ta ba kowa damar tsayawa a rumfar zaɓe ya ƙalubalanci 'yancin zaɓen maƙwabcinsa a bainar jama'a. Lauyoyin jihar suka jingina da littafin, Prewitt kuma ya yarda ya mara musu baya. Masu ƙarar dokar suka nemi Odessa ta rushe littafin a gaban alƙali. Ba ta ba su amsa ba. Ta zo ta roƙe shi ya janye, don kada ya zama ita ce ta tozarta shi yana gadon mutuwa.

Lenore, matarsa, ta buɗe mata ƙofa.

"Kada ki daɗe, 'yar nan. Yau bakinsa da ƙarfi, amma jikin babu."

Yana kwance a ɗakin karatu, bututun iska a hancinsa.

"Tarver. Kin yi ƙiba. Philadelphia ta karɓe ki."

"Kai kuma ka rame, Farfesa."

"Aikin ciwon daji ne, ba ƙoƙarina ba." Ya hangi kwalbar, ya yi dariyar da ta koma tari. "Toshiya. Haka 'yan takara suke yi a da, su cika mutum da giya sannan su nemi ƙuri'arsa. Me kike nema?"

Ta faɗa masa. Ya saurara da ido a rufe, kamar yadda yake sauraron babi mara kyau.

"Abin da ya faru na rubuta," in ji shi.

"Waɗanda suka shiga farfajiyar ka rubuta. Kakannina bayi ne, suna bayan katanga, riƙe da dawakan masu zaɓen."

"Na ambace su."

"A ƙasan shafi, da ƙananan baƙaƙe." Ta gyara zama. "Kakata ta je yin rajistar zaɓe a Georgia. Magatakarda ya ɗaga murya ya kira sunanta don mai gonar da take wa aiki ya ji. Mai gonar ya sa aka fitar musu da kaya kan hanya. Wannan ma zaɓe ne a gaban maƙwabta."

"Kin taɓa gaya mini."

"Ka ce ba zamanin da kake nazari ba ne."

"Har gobe ba zamanina ba ne." Ya buɗe ido. "Ba don kakarki kika zo ba, Tarver. Kin zo in janye ne don ki huta, ki yi zaɓenki a bayan labule, kowa ya mutu da sunansa mai kyau. Ban koya miki haka ba. Tashi."

"Farfesa..."

"Tashi tsaye, malama."

Lenore tana bakin ƙofa. "Alden, don girman Allah."

Odessa ta miƙe.

"Littafin Alden Prewitt," in ji shi. "Ya wuce ko ya faɗi?"

Injin iskar yana ta huci a gefen gado. Ta duba hannunsa a kan bargo, hannun da ya cika mata takardu da jan biro har ta iya rubutu.

"Ya faɗi."

A al'adar, wanda aka zaɓa ne kaɗai yake godiya. Prewitt ya juya fuskarsa bango.

Lenore ta raka ta zuwa baranda, ta riƙe mata hannun riga.

"Likita ya ce ba zai ga ƙarshen kaka ba. Ki jira mana. Me zai ragu a jikinki?"

"Kafin kaka ta ƙare za a yi zaɓe, Lenore."

Tsohuwar ta sake ta. Ta koma ciki, ta fito da kwalbar, ta ajiye a ƙasa kusa da ƙafar Odessa, sannan ta rufe ƙofa. Odessa ta ji ƙarar sakata.

Ta tsaya inda ruwa ba ya kaiwa, ta kira lauyar masu ƙara.

"Tarver ce. Ku sa sunana. Zan yi shaida."