Sunan da Ya Fi Gurbinsa

Injiniya mutum ne mai bin diddigi. Matarsa kan ce ko ƙuda ya mutu a ɗaki sai ya nemi sanadi. Shi ke kula da sabar kamfanin da ke ba unguwarsu intanet, wato kwamfutar da ke nemo maka adireshin shafi idan ka rubuta sunansa.

Ran nan sabar ta yi ta sumewa tana farfaɗowa. Abokin aikinsa ya ce, "Kashe ka kunna, mu je mu ci abinci."

"Ni so nake in san me ta haɗiya ya shaƙe ta."

Ya ja kujera a ɗakin sabar mai sanyi, yana duba tambayoyin da ke shigo mata. Sai ga wani suna, dogo kamar igiyar guga. Ashe manhajar sabar kan ware wa kowane suna ɗan gurbi a ƙwaƙwalwarta, amma ba ta auna tsawonsa kafin ta zuba. Wannan ya cika gurbin, ya malala zuwa na kusa, inda take ajiye umarnin da za ta bi.

"Kai, zo ka sha kallo! Rarar nan ba shirme ba ce, umarni ne. Wani ke tuƙa ta daga waje."

Har dariya yake don daɗi. Ya bi sawu ya ga sunayen da aka karkatar zuwa adireshin ƙarya, sai dariyar ta ɗauke. Sunan jami'a na ciki. An juya shi zuwa shafin bogi da ke taya duk wanda ya shiga murna, don ya kwashe bayanansa.

A shafin nan 'yarsa Auta ta ga an ɗauke ta karatun likita. Tun makon jiya take guga tana jera kaya a akwati, kakarta har ta fara ce mata Likita. Tsoro ya kama shi sosai.

Abokin ya ce a hankali, "Ko mu bar gyaran sai ka shirya mata magana?"

"'Ya'yan mutane fa? Suna can suna shiga."

Ya toshe ɓarakar, ya mayar da kowane suna gidansa. Ya kasa duba sakamakon da kansa, sai ya kira ta.

"Auta, buɗe shafin makaranta."

"Baba, ai na haddace shi."

"Buɗe dai."

Ta buɗe, sannan ta ce, "Ya canza kama. Wai in sake sa lambata."

"Sa, uwata. Ina nan, ba zan kashe wayar ba."