Wa Zai Wanke Badaru

Illo ya dire butar a bakin zaure ya ce shi ba zai shiga ba. Illon da ya wanke gawar rabin mutanen Tozai, har da na shekarar kwalara.

"Shi da bakinai ya gaya muna," in ji shi. "Kar ka daɗe, kar ka matsa kusa, ka sa abu tsakani."

Gaskiya ne, maƙwabcina Badaru ya faɗa. Ya daɗe a ƙasar waje, a tashar lantarki ta nukiliya, yana koya wa ma'aikata yadda za su kare kansu daga wani tururi da ido ba ya gani. Da ya dawo ya kama noman gero, kullum yamma sai ya maimaita mana karatun nan a gindin itacen bedi, muna gyaɗa kai kamar mun gane. Likitan asibitin garin Isa ya ce hawan jini ne ajalinsa. To, amma wa ya taɓa ganin tururin, balle ya rantse babu shi a jikin mamacin?

Liman ya ce wanka wajibi ne. Wani ya ce a yi masa taimama, Illo ya ce ita ma da hannu ake yin ta. Aka kira ɗan mamacin, Marwan, a Sakkwato, layi ya ƙi shiga. An gama haƙa kabari, rana tana ƙara zafi.

Ni kaina na rikice. Ƙwarya ɗaya muke shan fura da Badaru. Ya taɓa bayyana mana ko a inji tururin yake zama ko a mutum, amma ranar hankalina yana kan akuyata da ta ɓata.

Sai matarsa Maimunat ta fito, idanunta a kumbure.

"Illo, ba ni butag ga."

"Kin tabbata babu komi jikinai?"

"Ban sani ba. Ni dai tun da anka kawo ni gidanga gefenai nike kwana."

Liman ya sunkuyar da kai ya ce ya halatta mata ta wanke mijinta. Kunya ta kama ni, tsoro kuma bai sake ni ba.

Muka tsaya bayan zana muna jin zubar ruwa. Can ya biyo ta ƙasa a hankali, da ɗan kumfar sabulu, ya nufo inda muke. Mutane suka ja da baya. Ni na tsaya, har ya jiƙa mini takalmi.